Igiyar Gidan Tsoffi

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin yaran gidanmu a bayanta suka yi wayo, har da ni. A wani ƙauye take kusa da Birnin Tsaba. Bayan rasuwar mijinta ta ƙi tashi, ta ci gaba da noma 'yar gonarta ta bayan gida, gero da wake da kuɓewa, kuma duk wanda ya ce ta dawo gari sai ta tambaye shi wa zai ba kajinta ruwa. Shekarar da zama ya gagara a ƙauyukan wajen, mutane suka riƙa tashi da abin da hannu ya iya ɗauka, sai aka yi mini waya wai Gwaggo tana tashar motar Zurmi. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda, maigidana kuma direba ne mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Shi ya ajiye aikinsa ya kai ni.

Mun same ta zaune kan ƙunshin kayanta a inuwar wani shago. Kusa da ita akwai wata tsohuwa siririya, ta riƙe gefen zanen Gwaggo kamar yadda yaro ke riƙe na uwarsa a kasuwa. Sai da na durƙusa gaisuwa na gane ta. Bafulatanar nan ce mai kawo nono gidan Gwaggo tun ina ƙarama, wadda muke kira Inna. Ita ke zuba mana man shanu a tafin hannu mu lashe idan Gwaggo ta juya baya. Yanzu yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. 'Ya'yanta sun kora sauran shanunsu sun yi arewa, wajen iyaka, tafiyar da ba za ta iya ba, shi ne suka bar ta hannun Gwaggo da alkawarin za su dawo ɗaukarta in sun sami wurin zama.

Muka kawo su gidanmu. Ɗaki biyu ne da 'yar rumfa, ga yara. Maigidana ya kwashe kayansa ya koma zaure, muka bar musu ɗaki guda. Gwaggo ta saki jiki, amma Inna ta kasa. In aka kawo abinci sai ta ce ta ƙoshi. In ta ji muryar maigidana a tsakar gida sai ta juya fuska bango. Ta gwammace ta matse fitsari tun safe da ta ce a kai ta makewayi alhali akwai namiji a gidan. Kafin mako ya zagayo ta ƙara ramewa.

Wata rana da yamma Gwaggo ta kira ni bayan ɗaki.

"Ɗiyata, wagga mata kunya za ta kashe ta nan gidan. Na ji an ce akwai inda anka tara tsohhi mata wajen tashar jirgi. Kai mu can."

Na ce, "Haba Gwaggo, ina raye ki zauna gidan tsoffi? Me mutane za su ce? In ma ya zama dole, a kai Inna, ke ki zauna nan."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Amana anka ba ni ita. In ta tahi, na tahi. Mutane su ce abin da sunka ga dama."

Haka muka kai su, ina tafe ina jin kamar kowa a unguwa ni yake kallo.

Gidan tsohon sito ne na gyaɗa, tun zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa Kaura yana kwasar amfanin gona. Magadan mai shi suka bayar sadaka da tsoffin da ba su da kowa suka fara yawa a gari. Aka yanka cikinsa da bulo aka fitar da ƙananan ɗakuna, aka kewaye filin gabansa ya zama tsakar gida. Wata Hajiya ce ke kula da shi, gwauruwa, wadda ta yi aikin dafa abinci a asibiti har ta yi ritaya. Ita ke bin maƙwabta da masallatai tana haɗa hatsi da sabulu, ita ke girki, ita ke rabon faɗa in an yi rigima kan buta. Mace ce mai faɗa da baki, amma na taɓa ganin ta tana yanke wa wata tsohuwa farcen ƙafa tana yi mata waƙa.

Sai dai shi ginin don buhuna aka yi shi. Tagoginsa ƙanana ne, can sama dab da kwano, saboda haka ko da rana tsaka ɗakunan duhu ne. Babu silin, kwanon ya yi tsatsa, in rana ta take sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. Kowane ɗaki an yi masa dokin ƙofa mai tsayi don kada ruwa ya shiga, tsohuwa sai ta dafa bango ta ɗaga ƙafa da ƙyar kafin ta ƙetare. Rijiyar tsakar gida bakinta dab da ƙasa yake, murfinta wani guntun langa-langa ne da ake dannewa da dutse. Ƙofar shiga guda ɗaya ce, ta ƙarfe mai nauyi, ciki take buɗewa. Duk waɗannan abubuwa na gan su ranar farko, amma ban ɗauke su komai ba. Abin da na duba shi ne akwai tabarma, akwai abinci, akwai inuwar darbejiya.

Inna kuwa ta farfaɗo. Cikin mata tsaranta ta koma cin tuwo, har tana ƙorafin nonon gari ruwa ne. Kullum in na tashi daga makaranta nakan biya, in same su ƙarƙashin darbejiya suna tsokanar juna. Gwaggo ta ce mata 'yar daji, ita kuma ta ce wa Gwaggo Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, mai cin tuwo ba man shanu. Duk inda za su, Gwaggo na gaba, Inna na riƙe da hannunta na dama. Inna ta haddace gidan da ƙafafunta. Ta san in ta bar inuwa ta taka yashi, daga yashi sai siminti, in ɗan yatsanta ya bugi dokin ƙofa mai ɓantaren gefe, to ɗakinsu ne.

Da damina ta kankama, simintin da ke gaban makewayi ya yi gansakuka. Dama sumul aka shafe shi, ga ruwan wanka na kwanciya a wurin. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Gwaggo ta ja Inna za su kama ruwa, ƙafarta ta zame. Hajiya, wadda ke hura wuta a lokacin, ta ce ta ga abin da idonta: da Gwaggo ta ji za ta faɗi, sai ta fizge hannunta daga na Inna ta ture ta baya, ita kuma ta tafi ƙasa kan hannun hagu. Inna ta tsaya cak inda aka bar ta, hannunta a miƙe, tana kiran "Kaɗo, Kaɗo, ina kike?"

A aji aka same ni da labarin. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce tsintsiyar hannu ta karye, ƙugu kuma ya bugu amma bai tsage ba. Gwaggo ta ce ita mai ɗori take so, aka kai ta, ya ja hannun ya jera masa karare ya ɗaure. Ba ta yi kuka ba, sai salati. Da muka fito na ce mata yau kam gida za mu, ba za ta koma wurin nan ba.

Ta ce, "Wa ya kai ta makewayi tun sahe?"

Na ce ban sani ba.

"To kin gani."

Da muka koma mun tarar Inna ba ta ci komai ba. Ta lallaɓa ta shafa kararen daga gwiwar hannu har yatsu, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce a hankali, "Da kin bari mun hwaɗi tare." Gwaggo ta ce mata ta rufe baki, ƙashin 'yar daji ai kara ne, da yanzu ana tsintar ta da tsintsiya.

Labarin faɗuwar ya kai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, sai aka ce za a turo duba-gari. Hajiya ta shiga tashin hankali. A saninmu duba-gari shi ne mai leƙa randa ya kifar da ruwa ya ci mutum tara. Ta tabbata rufe gidan za a yi, kuma ba ta san inda za ta kai tsoffin nan ba. Ta aiko a kira ni, wai ni mai boko ce, in tsaya kusa da ita.

Wadda ta zo mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, da ciki ya fara nauyi. Ta gaida kowace tsohuwa a durƙushe kafin ta duba komai. Daga nan ta zagaya gidan a hankali. Ta shiga ɗaki ta tsaya har idonta ya saba da duhun. Ta taka simintin makewayi ta murza takalminta a kai. Ta ɗaga murfin rijiya da yatsa biyu, ta mayar. Ta gwada jawo ƙofar ƙarfen da hannu ɗaya, ta ƙi motsi sai da ta sa na biyu. A wani ɗaki ta hango kaskon wuta ƙarƙashin gado, ta dubi tagar da ke can sama, ta dubi Hajiya.

Hajiya ta ce, "Malama, in rufewa za ku yi, ki faɗa mini kai tsaye."

Ta ce, "Hajiya, in na rufe, ina za su? Ba don haka na zo ba. Amma gidan da tsoffi ke kwana akwai abin da dole ya cika, kuma wannan bai cika ba. Ku zo mu zauna."

Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya, ta yi bayani gaban kowa, da Hausar da kowace tsohuwa za ta gane. Ta ce ƙasan da tsoho zai taka ya zama mai kaushi, kuma ruwa ya sami hanyar wucewa. Dokin ƙofa a sassare shi, a yi gangara. A sa abin dafawa a makewayi da jikin bango. A sauko da tagogi don haske da iska, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi mai makulli. Kaskon wuta kada ya ƙara kwana a ɗaki, domin hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana ɗauke mutum yana barci bai sani ba. Tsoffin suna ta gyaɗa kai. Sai da ta zo kan ƙofa aka sami matsala. Ta ce a juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje, kuma a fasa bangon baya a yi ta biyu, saboda in gobara ta tashi ta gaba, a sami ta inda za a fita.

Wata tsohuwa ta fara girgiza kai. Gwaggo ce ta yi magana, hannunta rataye a wuya da ɗankwali.

"Ɗiyata, kin san daga inda munka hito? Mu nan, in anka sa sakata ga ƙohwar nan ta ƙarhe, shi ne muka iya barci. Ke kuma kin ce a huda muna bango ta baya?"

Malamar ta gyara zama, ta ce, "Gaskiyarki, Iya. Ni ban ga abin da kuka gani ba. Amma in tambaye ki, ranar da kuka gudu, ta ƙofar gida kuka fita?"

Inna ce ta amsa daga gefen Gwaggo. "Ta darni. Ita ta ɓalle karan da ƙahwa, ta ja ni munka shiga gero."

Ni kaina ranar na fara jin yadda suka fito, don Gwaggo ba ta taɓa ba ni labarin ba. Daga baya Gwaggo ta share fuska da gefen zane ta ce, "To a yi. Amma sakatar ta zan daga ciki, kuma wadda hannun tsohuwa ka iya zarewa." Malamar ta ce haka ma ya kamata ta kasance. Ta ba Hajiya lokaci zuwa bayan kaka, ta ce za ta riƙa leƙowa.

Ba a yi aikin a tashi ɗaya ba. Limamin unguwa ya yi magana bayan sallar Juma'a, wani ya kawo siminti, wani yashi, wani ya ba da tsoffin tagogin gidansa da ya canza. Maigidana duk ranar kasuwar Shinkafi sai ya dawo da wani abu ɗaure a saman mota, yau bututun ƙarfe, gobe tabarmin kaba da za a yi silin da su kafin a sami na kirki. Maginin da ya kama aikin mutumin Katuru ne, shi ma gudu ya kawo shi Kaura, kuma mahaifiyarsa ta rasu a hanya. Ba ya yawan magana. In zai fasa bango sai ya fara zuwa ya sanar da tsoffin, don kada ƙarar ta firgita su.

Ya fara da gaban makewayi. Ya farfashe simintin ya sake zubawa, kafin ya bushe ya ja tsintsiyar kwakwa a kai ya bar shi da zane-zane, ya fitar da 'yar kwata ta bi da ruwa waje. Mai walda ya kafa bututu a bango daidai ƙugun mutum. Ranar da aka fasa tagar farko, haske ya faɗo cikin ɗakin su Gwaggo, ta ga irin yanar gizon da suke kwana ƙarƙashinta ta ce ashe duhu rufin asiri ne. Inna ta ɗaga fuska ta ce ita ba ta ga komai ba, amma ta ji iska a kumatunta.

Ranar da aka sassare dokin ƙofofi, ina wurin. Magini ya gama, ya shafe gangara mai kyau a bakin kowane ɗaki, ya zuba siminti ya haɗe su da hanyar makewayi. Kowa na yabawa. Bayan kwana biyu da ya bushe, na zo da la'asar na tarar Gwaggo ta yi barci saboda maganin da take sha, Inna kuma tsaye a tsakiyar tsakar gida ita kaɗai. Ta fito ne za ta yi alwala ba ta so ta tashi ƙawarta. Tana tura ƙafa gaba tana lalube, ta juya ta tura wani gefen. Yashin da ta sani an rufe shi, dokin ƙofa mai ɓantaren gefe babu shi. Ko'ina ƙasan iri ɗaya ne. Ba ta kira kowa ba. Na matsa na kama hannunta.

Ta ce, "Ɗiyar Kaɗo, ke ce? Sun ɗauke mini gidan."

Na zaunar da ita. Hawaye ke bin kumatunta ba tare da sauti ba. Ta ce da can ko Gwaggo ba ta kusa tana iya kai kanta ɗaki, yanzu ta koma kamar ranar da aka kawo ta. Ni kuwa ina cikin waɗanda suka fi kowa murna da gyaran.

Da malamar duba-gari ta zo aka gaya mata, ta zauna kusa da Inna ta ce, "Inna, mun gyara wa masu ido, mun manta da ke. Dokin ƙofa ba zai dawo ba, don shi zai karya wata. Amma faɗa mini abin da zai nuna miki hanya."

Inna ta yi tunani, sannan ta ce a ruga akwai dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere. Ta ce ko da idonta ya fara dushewa, da ita take gane wurin kowane maraƙi, ta bi igiyar da hannu tana jin ƙulli. In za a ja mata irinta daga ɗaki zuwa makewayi da inuwar bishiya, ta gama.

Maigidana ya ce zai sayo igiyar roba. Inna ta ce ba ta so, tana yanka hannu kuma rana na cinye ta. Ta rama take so, kuma ita za ta tufka abarta. Ya kawo ɓawon rama daga Shinkafi, aka jiƙa.

Tufkar igiyar nan ita ce abin da na fi tunawa a duk zaman da suka yi a gidan. Inna na da hannu biyu ba ido, Gwaggo na da ido da hannu ɗaya. Sukan zauna gwiwa da gwiwa bayan azahar. Gwaggo ta zaɓo zaren ta daidaita kaurinsa ta miƙa, Inna ta ɗora a cinya ta murza da tafin hannu, ƙarshen igiyar kuma maƙale a babban yatsan ƙafar Gwaggo. Suna yi suna faɗa. "Wanga ya yi kauri, Kaɗo." "Hannunki ne ya tsuhwa." Sauran tsoffin suka matso, mai tsefe rama na yi, mai ba da labari na yi. Wata da tun zuwanta ba a ji muryarta ba, ita ta nuna musu yadda ake haɗa baki biyu ba a ga gaɓa ba. Nakan zauna gefe da littattafan yara ina dubawa, amma yawanci ba na duba komai.

Da ta kai tsawo, magini ya kafa turaku masu santsi a gefen hanya, inda ba wanda zai yi tuntuɓe da su, aka ja igiyar daidai hannu. Inna ta bi ta da kanta tana ƙulla alama. Bakin ɗakinsu ta ɗaura guntun ƙwarya, wajen makewayi ƙulli babba, wajen bishiya tsumman ɗankwalin Gwaggo. Ranar farko ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, ba don tana da buƙata ba. Gwaggo na zaune tana kallon ta, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Dube ta, ta samu igiya ta manta da ni." Amma fuskarta duk murmushi.

Abin da ba mu zata ba, masu idon ma igiyar suka koma bi. Mai ciwon gwiwa ta dafa, mai jiri ta dafa. Malamar ta ce za ta faɗi wannan a duk inda aka tura ta duba wurin tsoffi. Maganar wuta ce ta ɗan ja lokaci, don da sanyi ya shigo sai da Hajiya ta yi ta kamen kasko a ƙarƙashin gadaje. A ƙarshe aka yi rumfa a tsakar gida da murhu mai ɗan bango kewaye, su sha ɗumi tare har jiki ya saki, sannan kowa ta shiga bargo. Wata tsohuwa ta yi fushi da Hajiya har ta daina amsa gaisuwarta, sai da aka ba ta wurin zama mafi kusa da murhun ta huce. Bayan kaka malamar ta zo zagayen ƙarshe da jaririnta a baya. Ta zare sakatar ƙofar baya da yatsa ɗaya, ta mayar. Tsoffin suka karɓe jaririn, ya yi ta yawo daga cinya zuwa cinya, har Inna ta shafa kansa ta ce zai yi shanu.

Hannun Gwaggo ya warke, ko da yake ya ɗan karkace, kuma in hadari ya haɗu takan riga kowa sani.

Damina biyu suka ƙara yi a gidan. Sai wata rana babban ɗan Inna ya zo, dogo, ya sha rana, ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa ɗaga kai. Sun sami wurin zama can ƙetaren iyaka, ya zo cika alkawari. Na ɗauka Inna za ta ƙi. Bayan kwana biyu sai ta ce tana so ta ji warin garke kafin ta mutu. Gwaggo ce ta haɗa mata kaya. Ta sa mata kuka da daddawa da zanenta mafi kyau, tana yi tana mita wai 'yar daji ba ta san darajar zane ba. Maigidana ya kai su Shinkafi inda za su sami motar gaba, ni da Gwaggo muka raka su. A tasha tsoffin biyu suka riƙe hannun juna har sai da kwandasta ya fara buga mota. Ba su yi kuka ba. Inna ta ce, "Kaɗo, ki yahe mini." Gwaggo ta ce, "Ba ki yi mini komi ba sai alheri. Ki kula da ƙahwa wajen hawa."

A hanyar dawowa Gwaggo ta ce wa gilashin mota, don ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, "In har yanzu akwai wuri gidan wasu, ni na gama aikina." Maigidana ya ce wuri na nan tun ranar farko.

Ta zauna da mu har ƙarshen rayuwarta. Ɗan Inna yakan kira lambar maigidana in ya hau wani tudu da ake samun sabis, ya kara wa uwarsa wayar a kunne. Nakan riƙe wa Gwaggo tamu. Su gaisa, a tambayi shanu, a tambayi ruwa, a tambayi Hajiya da sauran tsoffi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai magana ta ƙare, amma ba mai ajiyewa. Ina jin kukan maruƙa daga can, su kuma suna jin hayaniyar yarana daga nan. In na ce, "Gwaggo, ko in kashe?" sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bari, tana nan."